Baƙo ɗaya ya kifar da saba: amsa ga mai Proxmox a Garwa

Tambayar daga Garwa ta zo, kan Proxmox, manhajar da ke raba saba (babbar kwamfutar da ke yi wa wasu hidima) ta zama kwamfutoci da yawa da ake kira baƙi: "Ina da saba biyu na hannu masu furosesa Intel Xeon, na ɗora musu Proxmox VE 8, na haɗa su gungu ɗaya. Kwamfutocin baƙi goma sha huɗu ke kansu, biyar na haya ne, masu su ke riƙe da kalmar sirrin root. Cikin mako biyu saba ɗaya ta mutu sau uku, ta tafi da duk wanda ke kanta. An ce mini akwai ɓarakar da ke ba baƙo damar kifar da mai masaukinsa. Na yi apt upgrade. Ya wadatar, ko sai na kashe wa kowa?"

Malam, sannu da fama. Bai wadatar ba. Abin da ka sauko da shi yana kwance a kan faifai, wanda ke aiki a cikin ƙwaƙwalwar saba kuwa har yanzu tsohon ne. Faci, wato gyaran da ake ɗora wa manhaja, ba ya kare kowa sai ranar da ya fara aiki, kuma kowane sashe na sabar da irin hanyar da sabon ke karɓar aiki daga hannun tsohon. Sannan a Proxmox `apt upgrade` ba shi ne umarnin ba, domin ba ya cire fakitin da ya kamata a cire yayin sauyi, yakan bar ka da rabi sabo rabi tsoho. `apt full-upgrade` ake yi.

Amma kafin a ɗora wa wani baƙo laifi, a fara da abin da ya fi kashe saba a Garwa, wato wuta da zafi. Yawancin sabobin Dell da HP an ƙera su ne don iskar da ke shiga cikinsu kada ta wuce digiri 35, alhali a Maris da Afrilu garin kan haura 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ragar gaba. Umarni huɗu za su nuna maka inda matsalar take:

`last -x | head -20`
`journalctl -b -1 -k | tail -50`
`ipmitool sel elist`
`ipmitool sdr type temperature`

Na farko zai nuna ko an kashe sabar ne da hannu ko faɗuwa ta yi: layin reboot wanda babu layin shutdown kafinsa faɗuwa ce. Na biyu shi ne kalaman ƙarshe na kanel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa kayan sabar, kafin ya mutu, sai dai sau da yawa za ka tarar rajistar ta yanke a tsakiyar layi, domin wanda aka shaƙe ba ya samun damar rubutu. Shi ya sa na uku ya fi amfani. Ƙaramin allon kula da saba, iDRAC a Dell ko iLO a HP, yana da tasa rajista wadda ba ta dogara da kanel ba. In ya rubuta cewa wutar da ke shiga ta ɗauke a daidai lokacin, batirin UPS ɗinka ne ya gaji, ko janareta ke jinkirin karɓa. In ya rubuta zafi, a wanke raga a duba fanka. In kuwa ka ga kuskuren furosesa, irin su IERR ko CATERR ko kuskuren binciken inji da ake taƙaitawa MCE, ko kuma sabar ta sandare fitilu na ci fanka na juyawa amma ko madannai ba ta ji, to mun shigo maganarmu. Ko a nan ma ka riƙe bakinka game da mai haya tukuna, domin lalatacciyar sandar RAM ma tana haifar da MCE. Ka gwada ta da memtest86+ dare guda. Ka kuma duba `/var/log/pve/tasks/index` ka ga ko lokutan faɗuwar uku sun zo daf da tayar da baƙo guda.

Dalilin da ya sa baƙo ke iya yin wannan ɓarna shi ne haifabaiza, manhajar da ke raba saba ɗaya ta zama kwamfutoci da yawa, ba ta fassara wa baƙo kowane umarni. Tana sakar masa furosesa ta gaske ya yi gudu a kai, da sharaɗin furosesar za ta dawo da iko hannunta duk lokacin da ya taɓa abu mai haɗari. Ɓarakar tana samuwa ne a inda ikon bai dawo ba, ko ya dawo amma mai karɓarsa ya yi kuskure. Wurare uku ne, kuma maganinsu daban-daban.

Na farko kanel ne, inda KVM, haifabaizar da Proxmox ke amfani da ita, yake. A Nuwamba 2015 an bayyana ɓaraka biyu masu lamba CVE-2015-5307 da CVE-2015-8104, waɗanda Xen, wata haifabaizar daban, ta sa wa lamba XSA-156. Baƙo zai shirya abubuwa ta yadda isar da saƙon kuskure guda zai haifar da wani irinsa, shi ma ya haifar da wani, furosesar ta yi ta zagaye a cikin kanta ba ta ƙara waiwayar haifabaiza ba. Ya shafi Xen da KVM da Hyper-V gaba ɗaya, kuma gyaran shi ne haifabaiza ta riƙa tare waɗannan saƙonni biyu da kanta kafin su isa ga baƙo. Wannan kanel ɗinka ya daɗe da samun sa. Wanda ya fi kusa da kai shi ne CVE-2018-12207, da aka fitar a Nuwamba 2019, kuma yana cikin yawancin Xeon na hannu da ke shigowa kasuwanninmu. Furosesa tana da ɗan ƙaramin littafin tuni na adireshin shafukan ƙwaƙwalwa da take ɗauko umarni daga cikinsu. In baƙo ya sauya girman shafi daga KB 4 zuwa MB 2 bai goge tsohon tunin ba, furosesar za ta tarar da amsa biyu ga tambaya ɗaya, ta ɗaga MCE, sabar ta mutu nan take. Wanda ke da root a cikin baƙonsa yana da duk abin da ake buƙata don yin haka, kuma mutum biyar ka ba wannan dama.

Duba halin da kake ciki alhali akwai baƙo aƙalla ɗaya a kunne:

`cat /sys/devices/system/cpu/vulnerabilities/itlb_multihit`
`cat /proc/cmdline`

Amsar da ake so ita ce `KVM: Mitigation: Split huge pages` ko `Not affected`. In ka ga `VMX disabled`, yawanci babu baƙon da ke kunne ne lokacin da ka duba, ka tayar da ɗaya ka sake. In ka ga `KVM: Vulnerable`, kusan kullum wani ne ya kashe kariyar da hannunsa, kuma umarni na biyu zai tona shi: za ka ga `mitigations=off` ko `kvm.nx_huge_pages=off`. Ana yawan ba da wannan shawara wai don saba ta ƙara gudu, kuma gaskiya tana ƙarawa, domin kariyar tana hana a gudanar da umarni daga manyan shafuka, duk wanda baƙo ya nemi gudanarwa sai KVM ya farfasa shi zuwa ƙanana na KB 4. A sabar da kai kaɗai ke kanta, wannan zaɓinka ne. A sabar da ake haya kuwa ganganci ne, ban ga uzurinsa ba. Abin daɗin shi ne wannan guda ɗaya ana iya toshe shi yanzu ba tare da an kashe wa kowa ba:

`echo force > /sys/module/kvm/parameters/nx_huge_pages`

Baƙi za su ɗan yi nauyi na ɗan lokaci sannan su daidaita. Domin ya zauna bayan sake kunnawa, sai ka cire waccan kalma daga layin tashi. In sabar da GRUB take tashi, fayil ɗin `/etc/default/grub` ne sannan `update-grub`. In da systemd-boot take tashi, kamar yadda yake a girkin ZFS kan UEFI, `/etc/kernel/cmdline` ne sannan `proxmox-boot-tool refresh`. Mutane da yawa suna gyara na farko alhali na biyu ke aiki, su yi ta mamakin abin bai canza ba. `proxmox-boot-tool status` zai gaya maka wanne ne naka.

Wuri na biyu furosesar ce da kanta, wato maikurokod, ƙaramar manhajar da ke cikinta tana tafiyar da ita. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Reptar, CVE-2023-23583, wanda Tavis Ormandy na Google ya bayyana a Nuwamba 2023. Umarnin kwafar bayanai `rep movsb`, in aka maƙala masa wani ƙarin harafi marar amfani a gaba, yana rikita furosesar har ta kai ga MCE, kuma ko root ba a buƙata. Ya shafi Ice Lake da Sapphire Rapids a ɓangaren Xeon. In `grep -c fsrm /proc/cpuinfo` ya ba ka sifili, wannan bai shafe ka ba. Babu kanel ɗin da ke gyara irin wannan, sai sabon maikurokod daga Intel, kuma na Reptar shi ne mai kwanan wata 20231114. Proxmox VE 8 a kan Debian 12 yake zaune, inda fakitin ke cikin rumbun `non-free-firmware`. In ba ka ƙara wannan kalma a layukan `/etc/apt/sources.list` ba, duk sabuntawar da za ka yi ba za ta taɓa kawo shi ba. Ka ƙara, sannan:

`apt update`
`apt install intel-microcode`

Za a ce maka sabunta BIOS ma yana kawo maikurokod. Haka ne, amma a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, ni ba zan fara da shi ba. In wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta BIOS, kana iya rasa allon sabar, kuma samo wani daga Duwala ko ƙetare ba aikin kwana biyu ba ne. Wanda Linux ke ɗorawa kuwa ba ya rubuta komai na dindindin a cikin furosesa, a kowane tashi ake zuba shi sabo, in wuta ta ɗauke ya tafi ba tare da ya lalata komai ba. In ma sabon ya hana sabar tashi, a allon tashi ka ƙara `dis_ucode_ldr` a layin kanel ta tashi da na BIOS. Akwai hanyar cusa maikurokod alhali saba na aiki, amma tun kanel 5.19 masu Linux suka rufe ta a matsayin tsari na asali saboda haɗarinta. Ka bar ta.

Wuri na uku QEMU ne, wanda ke ƙirƙira wa baƙo faifai da katin sadarwa da sauran kayan bogi. Kowane baƙo da nasa QEMU da ke gudana a kan mai masauki. VENOM, CVE-2015-3456 na Mayu 2015, a cikin kwaikwayon na'urar fulofi yake, abin da babu mai amfani da shi amma yana nan a kunne. A nan ne aka fi yin kuskuren da ke sa mutum ya zaci ya gama. In mai haya ya shiga cikin Windows ko Ubuntu ɗinsa ya sake kunna shi daga ciki, QEMU ɗin da ke ɗauke da shi bai mutu ba, tsohon ne dai ke nan da ɓarakarsa. Sai an kashe baƙon gaba ɗaya an tayar, ko an yi masa ƙaura zuwa sabar da ke da sabo. `qm reboot 101` (101 misalin lambar baƙo ne) daga wajen mai masauki yana yin hakan, domin kashewa yake yi sannan ya tayar. Ka gwama abin da aka girka da abin da ke gudana:

`pveversion -v | grep qemu`
`qm status 101 --verbose | grep running-qemu`

Yanzu tsarin aikin. Tunda saba biyu gare ka, ba sai ka kashe wa kowa ba, in dai ɗaya za ta iya ɗaukar nauyin duka na awa guda. Haɗa RAM ɗin baƙi goma sha huɗun ka gani. In ya fi ƙarfin saba ɗaya, ka zaɓi waɗanda za su iya kwana a kashe, ka sanar da masu su tun kwana biyu kafin nan. Ka fara da kwafin ajiya na kowane baƙo zuwa faifan da ba ya cikin sabar, `vzdump 101 --mode snapshot --compress zstd --storage` sai sunan ma'ajiyar, ka kwafe `/etc/pve` da `/etc/network/interfaces` su ma. Ka dawo da kwafi ɗaya a matsayin gwaji da wata lamba daban, domin kwafin da ba a taɓa buɗewa ba babu wanda ya san abin da ke cikinsa. Sannan ka sauko da fakitin tun da rana ba tare da girkawa ba, `apt full-upgrade --download-only`, saboda suna iya kai ɗaruruwan megabait kuma intanet ɗinmu ba abin dogaro ba ne da tsakar dare. In `apt update` ya ba ka kuskure 401, rumbun masu biyan kuɗi ne a kunne alhali ba ka da rajista, ka koma `pve-no-subscription`. Girkawar kanta ka yi ta a cikin `tmux`, yadda ko layinka ya yanke aikin zai ci gaba. Janareta ya kasance a kunne da mai a ciki tun kafin ka fara, kada a jira sai wuta ta ɗauke.

Sai tarkon da ya fi kama masu saba biyu, wanda zan so ka karanta sau biyu. Gungun Proxmox da ƙuri'a yake aiki, kowace saba ƙuri'a ɗaya, kuma sai da rinjaye ake yanke hukunci. Ɗaya cikin biyu ba rinjaye ba ne. Da zarar ka kashe saba ta farko, ta biyu za ta kulle `/etc/pve`, ba za ka iya tayar da baƙo ko gyara saitinsa ba. Waɗanda ke kunne za su ci gaba, sai fa in ka kunna HA, tsarin da ke tayar da baƙi a wata saba da kansa in tasu ta faɗi. In HA na aiki, sabar da ta rasa rinjaye za ta ɗauka ita ce ta ɓace daga gungu, bayan kamar daƙiƙa 60 ta sake kunna kanta da ƙarfi, da dukan baƙin da ka tara mata. Wato garin gyara sai ka jawo da hannunka faɗuwar da kake gudu. Maganin dindindin shi ne ƙuri'a ta uku: ƙaramar kwamfuta ko da Raspberry Pi ce, a sa mata `corosync-qnetd`, a sa wa sabobin biyu `corosync-qdevice`, sannan `pvecm qdevice setup` da adireshinta. In babu ita a daren, ka tsayar da `pve-ha-lrm` a sabobin biyu, bayan nan `pve-ha-crm` a biyun, kafin ka kashe komai. In kana buƙatar tayar da wani abu alhali ɗaya na kashe, `pvecm expected 1` zai buɗe maka, amma sai ka tabbata da idonka ɗayar a kashe take.

Ka girka sabuntawar a saba ta farko, ka kwashe baƙinta zuwa ta biyu da `qm migrate 101 sunan-saba --online`, ka ƙara `--with-local-disks` in faifansu a cikin sabar yake. Ka yi lissafin lokaci tun da wuri: wayar gigabit ɗaya tana ɗaukar kamar MB 110 a daƙiƙa, don haka baƙo mai RAM GB 16 zai ci kusan minti biyu da rabi, faifai mai GB 200 kuwa rabin awa. Baƙon da ke rubutu da yawa, kamar rumbun bayanan kanti ko na asusun ajiya, zai fi haka, shi ya sa dare ya fi. In ta zama fanko, ka sake kunna ta, kana kusa da ita ko kana da iDRAC a buɗe, domin wani lokaci sabon kanel kan sauya sunan katin sadarwa sabar ta tashi ba ta kan layi. Da ta tashi:

`uname -r`
`proxmox-boot-tool kernel list`
`journalctl -k | grep -i microcode`
`grep . /sys/devices/system/cpu/vulnerabilities/*`

In `uname -r` ya nuna tsohuwar lamba, duba ko wani ya taɓa ɗaure kanel da `kernel pin` saboda wata matsala ta da, ya manta. `proxmox-boot-tool kernel unpin` ke kwance shi. Layin maikurokod ya kamata ya nuna an sabunta da wuri daga wata lamba zuwa wata. In bai nuna ba, ko dai na BIOS ya riga ya kai wannan lamba, ko ba a sake gina initramfs ba, wato fayil ɗin da ake ɗorawa tare da kanel a farkon tashi, sai ka yi `update-initramfs -u -k all` ka sake kunnawa.

Daga nan sai ka kwaso kowa zuwa sabar da aka gyara. Wannan ƙaura ita ce ke ba kowane baƙo sabon QEMU ba tare da ya mutu ba. Daga tsoho zuwa sabo ƙaura tana tafiya, daga sabo zuwa tsoho kuwa babu tabbas, don haka kada ka mayar da kowa ta biyu sai ita ma ta gama nata. Wani abin da ke hana ƙaura shi ne nau'in furosesar da aka ba baƙo. In an sa `host`, baƙon yana ganin duk siffofin furosesar gaske, kuma sabon maikurokod kan kashe wasu, kamar yadda ya faru da TSX a wasu furosesoshin Intel. Sai sabar da za ta karɓa ta ce ba ta da abin da baƙon ya saba da shi, ƙaurar ta faɗi. Irin wannan baƙo sai an kashe shi an tayar a can, minti biyu ne. In za ka yi haka, ka mayar da shi `x86-64-v2-AES`, wanda shi ne Proxmox VE 8 ke ba sababbin baƙi, gaba ka huta.

Akwai ƙofa ɗaya da nake ba duk mai bayar da haya shawarar rufewa, wato damar baƙo ya zama haifabaiza shi ma, ya ɗauki nasa baƙi a ciki. A kanel na yanzu a buɗe take tun asali, kuma lambar da ke kula da ita tana cikin mafi sarƙaƙiya a KVM. CVE-2021-3653 na 2021 a furosesar AMD ta nan ya shigo, ya ba baƙon ciki damar taɓa ƙwaƙwalwar mai masauki. In babu mai hayar da ya biya don wannan, ka rubuta `options kvm_intel nested=0` a wani fayil cikin `/etc/modprobe.d/` kafin sake kunnawar da za ka yi, ka tabbatar bayan tashi da `cat /sys/module/kvm_intel/parameters/nested`. Sai dai ka tambayi masu Windows tukuna, domin WSL2 da Docker Desktop suna buƙatarta, za su daina aiki. Haka nan duk kayan bogin da baƙo ba ya amfani da su, katin sauti, USB, tsohon CD da aka manta a maƙale, a cire.

In bayan duk wannan sabar ta sake faɗuwa, kana buƙatar shaida. Ka girka `rasdaemon` domin ya riƙa tara kurakuran furosesa da RAM, `ras-mc-ctl --errors` zai nuna maka su. Ka girka `kdump-tools` domin kanel ya bar hoton ƙwaƙwalwarsa in ya samu dama, ka sani zai keɓe wa kansa wani yanki na RAM kuma sai an sake kunnawa yake fara aiki, don haka ka haɗa shi da aikin daren nan. Sannan ka raba baƙin: biyar na haya a saba ɗaya, naka tara a ɗayar, na tsawon mako biyu. In faɗuwar ta tsaya a kan saba guda ko wa ke kanta, ƙarfen ne, ka nemi RAM ko akwatin wuta. In ta bi 'yan haya duk inda suka koma, ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka gane wanne ne, ka kashe shi, ka ajiye kwafin faifansa yadda yake, sannan ka kira mai shi. Ka tambaye shi cikin mutunci wa da wa ke da kalmar sirrinsa, da kuma ko ƙofar shiga daga nesa, SSH ko RDP ɗinsa, a buɗe take ga duniya, domin sau da yawa shi ma shigar masa aka yi bai sani ba.